Sakatar Bayan Kemis

Wani maƙwabcina mai shafin labarai a intanet ya tambaye ni ko ya toshe wa masu karatu hanyar dawowa idan sun latsa talla, wai masu tallar sun fi son haka. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. Inna ce ta faɗo mini a rai.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin tashin alhazai. Na rako mahaifiyata daga Tsafe za mu Bungudu, ta yi bankwana da yayanta da zai tafi Makka ranar. A Gusau muka biya kemis ɗin da ta saba sayen maganin hawan jini. A bakin shagon wani na ta shela da lasifika: gwajin ido kyauta, yanzu-yanzu a sallame ka. Inna ta daɗe tana kukan gani dishi-dishi. Ta dubi mai kemis.

"Shiga, Inna," in ji shi. "Nan bayan shagona ne. Mutanen kirki ne."

Muka ratsa shagon zuwa wani tsakar gida cike da tsofaffi a kan benci. Shigarmu ke da wuya aka danna sakata. Babu wani gwaji. Wani mai farar riga ne ke ta zuba surutu a kan ruwan ɗigawa a ido, ya gama ya sake daga farko. Na nufi ƙofa, wani ƙato ya tare.

"Sai an ƙare bayani."

"Ɗana, buɗe muna mu tahi," in ji Inna. "Mota muka son cimma."

Ko kallonta bai yi ba. Na yi ta dukan ƙofar ina kiran mai kemis. Ina jin muryarsa sarai yana ciniki, amma ya yi kunnen uwar shegu. Shi ya ba su wurin, shi ya san fuskar Inna shekara da shekaru, kuma don shi ta shiga.

Sai bayan azahar aka buɗe. Na tsaya gaban mai kemis, ya ce wai shi ba ruwansa, ba shi ya rufe ba.

Mun isa Bungudu motar alhazai ta riga ta tashi. Kawu bai dawo ba, can Allah ya karɓi abinsa. Inna ba ta taɓa zagin mai kemis ba, ni ke yi. Ita dai har ta rasu, in mun shigo Gusau, sai ta tsallaka titi ta nemi wani shagon, duk da ciwon gwiwarta.