Goggo Nas da Mutum Biyu a Ƙasa

Goggo Nas, ƙanwar babana, shekara talatin ta yi a ɗakin karɓar masu haɗari na asibiti, ta fito da ciwon gwiwa da zafin rai. Shi ya sa ake ce mata Nas. Duk wanda ya suma a layinmu ita ake kira, kuma tambayarta ɗaya ce: “Me yake yi kafin ya faɗi?”

Ranar da wani kafinta a layinmu ya rotsa wa wansa katako a ƙeya, mutum biyu ta tarar a ƙasa. Wan yana kwance ba motsi. Uwarsu kuwa ihu ta yi ta yi tana haki, har yatsunta suka ƙage, ta zube. Jama'a suka yi kanta, masu mari na yi, masu kwara ruwa na yi.

Goggo ta hankaɗe su, ta taɓa jijiyar wuyan tsohuwar. “Zuciyarta lafiya lau, haki ne ya kayar da ita. Ku daina dukanta, 'yan iska! In ta farfaɗo ta riƙa numfashi a hankali.”

Ta koma kan wan. Minshari yake, jini na bin kunnensa, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma. Ta ƙwala ihu a kawo mota.

Kafinta ya sha gabanta. “Goggo, ƙarya yake! Duba uwata!”

Ta sharara masa mari har leɓensa ya fashe. “Uwarka za ta tashi, ɗan banza. Kama ƙafafunsa.”

Kafin motar ta bar layin tsohuwar ta farfaɗo, tana tambayar ina babban ɗanta. Shi bai sake tashi ba.