Galan ɗin da Goggo ta ajiye

Goggona, ƙanwar mahaifina, ba ta iya ajiya irin ta mutane ba. Idan ta ajiye abu, sai ka manta da shi, ka yi aure, ka haihu, sannan wata rana ta miƙo maka shi kamar jiya ka ba ta. Man shanun da take soyawa yakan shekara a kwalba bai canza wari ba, shi ya sa matan Roni suke aikowa har ƙauyensu a saya musu. Ni dai tun ina yarinya nake jin tsoronta, kuma nake sonta, har yau ban san wanda ya fi yawa ba.

Mijinta yana da injin niƙa a zauren gidan, ƙarami, mai shan fetur, wanda ake tayarwa da igiya. Shi yake niƙa wa ƙauyen gero da dawa, ya markaɗa wake da kayan miya. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai aka lulluɓe injin da buhu, mata suka koma kai niƙa Roni a kan babur. Ya daɗe a kwance, shekaru, Goggo tana jinya, har Allah ya karɓi abinsa.

Tana fita takaba, babban ɗanta ya zo da magana. Ma'aikaci ne a Kazaure, inda ni ma nake koyarwa, kuma taubashina ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa, har an sa fanka, ba zai bar uwarsa ita kaɗai ba abin yi ba. Gaskiyarsa ce, kuma don ƙauna ya faɗa. Goggo ta saurare shi tana kallon gefe, domin ɗan fari ne, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kama sunansa. Ta ce tana da abin yi, za ta ta da injin. Ya ce shi kam ba zai sa hannu a wannan tsohon ƙarfe ba. Ta ce ba ta nema ba, da abin da ke cikin gidan za ta tashe shi, in kuma ya ƙi tashi, ya turo mota ta kwashe ta.

Da haka aka rabu. Kafin ranar da bakanike zai zo, taubashin nawa ya roƙe ni in je in zauna da ita, wai ni take jin maganata. Na ce masa tunda aka haife ni ban ga wanda Goggo ke jin maganarsa ba, amma zan je don in ci man shanu.

Bakaniken ya zo daga Roni da hantsi, magidanci ne mai ɗan furfura a gemu, wanda dama shi yake duba injin tun mai gidan yana da lafiya. Ya yaye buhun, ya kankare gidan zanzaro, ya wanke filogi, ya busa nan ya goge can. Fetur kuwa Goggo ta riga ta tanada da cinikin man shanunta. Da ya kwance ƙasan injin, tsohon man ya fito da ƙyar, baƙi ƙirin, mai kauri.

“Inna, injin nan da sauran rai,” in ji shi, “amma ba shi da ƙarfin jure wasa. In aka zuba masa man banza, bugawa zai yi, daga nan sai masu gwangwan. Akwai baƙin mai, ko in koma gari in sayo?”

“Akwai,” in ji Goggo.

Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, can lungun da take ajiye kwalaben man shanu, inda rana ba ta kaiwa, kuma nesa da bangon da ke jan danshi da damina. A kan katako ta ɗora shi, ta naɗe shi da tsohon zani. Galan ne na roba, murfinsa a like yadda ya fito daga kamfani. Marigayin ya sayo shi a kasuwar Babura ana gab da ciwonsa, kayan tsallaken iyaka ne, rubutun jikinsa duk Faransanci. Na juya shi ina neman ranar da aka yi shi, na tarar tawadar ta goge. Bakaniken ya tambayi shekarunsa, Goggo ta ce tun kafin a yi wa ƙauyen rijiyar burtsatse. Ya shafa gemu.

Ya ce man inji ba ya ruɓewa kamar nono, amma ba dutse ba ne. Zafin rana yana kashe shi, iska ma haka in murfi ya saki, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabarsa. Wanda bai ga ko ɗaya ba yakan yi shekaru yana jiran aikinsa. Sai dai ba a rantsuwa a kan galan rufaffe, dole a buɗe a gani.

Ya fasa likin, ya tsiyaya kaɗan a murfin. Man ya zubo garau, launin zuma.

Ina kallon fuskar Goggo lokacin. Ban taɓa ganin ta sauya haka ba, ko ranar rasuwar. Ta tsura wa murfin ido, ta daɗe, sannan ta ce a hankali, “Ya koɗe.”

“Na'am, Inna?”

“Ya koɗe, ɗan nan. Duk baƙin ya fita. Rufe shi kawai.” Ta juyo wajena. “Ke, in kin koma ki ce wa mutumin Kazaure ya turo motar.”

Sai a lokacin na gane. Tun aurenta take jin ana cewa baƙin mai, kuma wanda ta sani shi ne wanda mai gidan yake tsiyayewa daga inji ya ba ta, ta shafa wa ƙofa da azara don gara. Ba ta taɓa tsayawa a zaure ana zuba sabo ba, wurin maza ne. A wurinta ƙarfin man yana cikin baƙinsa, kamar shuni a jikin zani. Shekaru tana kare galan ɗin nan daga rana da danshi, tana share ƙurar da ke kansa, ga shi ta buɗe ta ga ya yi fari. Na ji tausayinta har hawaye ya zo mini, ga kuma dariya tana cina, na rasa wadda zan yi.

Bakaniken ya fi ni hankali. Bai ko murmusa ba. Ya ce, “Inna, ai haka ake haifarsa. Aiki ne yake baƙanta shi. Mu ne da rashin ta ido muka sa masa sunan tsufansa.” Ya je wajen babur ɗinsa, ya ɗauko wata 'yar gora da ya sayo a makon, ya ɗiga kusa da nata. Launinsu ɗaya.

Goggo ta duba wannan, ta duba wancan. Wata da ta yi murna ta ce a zuba. Ita kuwa da ta gano ido ya yaudare ta sau ɗaya, sai ta ƙi yarda da shi gaba ɗaya. Ta ce in launi ba ya nuna mutuwarsa, to ba ya nuna lafiyarsa ma. Ta ɗauko farar tasa, ta sa aka juye man duka a hankali, ta leƙa gindin galan ɗin ko akwai abin da ya kwanta. Babu. Ta karkata tasar a rana ko za ta ga gajimare a ciki, ta sansana, ta murza tsakanin yatsu. Sannan ta hura wuta, ta ɗora murfin tukunya har ya yi zafi, ta ɗiga man a kai, ta kawo kunnenta kusa.

Haka take yi wa man shanu. Muddin akwai ruwa a ciki, sai ya yi ta ƙara a wuta, in ya yi shiru ya soyu. Mu uku muka yi tsit a bakin murhu muna sauraren ɗigon mai. Ya baje, ya fara hayaƙi, bai ce uffan ba.

“Ba ruwa,” in ji ta.

“Mu ma a gareji haka muke yi, sai dai da guntun ƙarfe,” in ji bakaniken. Ya ce shi ya yarda a zuba, amma kada a bar shi ya daɗe a ciki kamar sabo, a juye da wuri a sake, tunda akwai saura da yawa.

Ya zuba, ya ɗaure, ya kama igiya zai ja. Goggo ta ce ya ba ta, domin gobe ba ya nan. Ta ɗaure zani, ta taka ƙafar injin. Jan farko tari kawai ya yi. Ta gyara tsayuwa ta sake, ta sake, sai zauren ya ɗauka da ƙara, hayaƙi ya fita ta ƙofa, kaji suka watse. Kafin bakaniken ya gama wanke hannu, maƙwabciya ta leƙo da kwanon gero a ka.

Taubashina ya zo ranar Asabar, ba tare da motar kaya ba, don na riga na kai masa labari har da ƙari. Ya tarar da layin kwanuka daga zaure har gindin darbejiya, uwarsa a ciki gari ya rufe mata gira. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ƙarar inji ta hana a ji. Ba ta kalle shi ba, kamar kullum. Ta gama kwanon da ke hannunta, ta rage wutar injin, ta ce da ni, “Ki faɗa masa ɗakin nan da ya gyara kada ya zauna a rufe. Ya sa yara a ciki, ni in na zo kwana biyu zan yi.”

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙo mata kwano na gaba.