Kakin da Na Narkar a Zauren Alhaji

A shekarun da ake kashe sule da sisi ina da 'yar rumfa a Shahuci, ina gyaran kwaɗo da yanka makulli. Sana'ar mahaifina ce, kuma a wurinsa na gaji wata ƙa'ida. In ka danna makullin mutum a kakin zuma don ɗaukar siffarsa, to ranar da ya biya ka sai ka narkar da kakin a gabansa, ya gani da idonsa cewa ba ka riƙe da hanyar shiga dukiyarsa.

Wata rana wani Alhaji mai fataucin fata a Dala ya aiko a kira ni. Makullin adakarsa ta ƙarfe, wadda kakansa ya zo da ita daga Tarabulus, ya karye a ciki. Maƙera biyu sun ce sai dai a fasa. Ni kuwa na lallaɓa na zaro guntun, na haɗa shi da ɗan'uwansa, na danna a kaki. Kwana biyu ina goga sabon makulli har yatsuna suka yi kanta. Da na murɗa sabon, adaka ta buɗe kamar da man shanu aka shafe ta. Wallahi na ji daɗin kaina.

Sule takwas muka yi da shi. Ya ba ni goro, ya ce in dawo gobe. Sau shida ina taka Dala, yau ya fita, gobe yana da baƙi. Maƙwabtana na rumfa suka ce in riƙe kakin nan gam, in bar shi da zullumi, da ƙafarsa zai kawo kuɗin. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta yi mini daɗi.

Sai labari ya iso ni cewa yana faɗa wa mutane wai na riƙe siffar makullinsa ina yi masa barazana. Nan raina ya ɓaci ƙwarai. Mai yanka makulli in aka daina yarda da shi, sai ya nemi wata sana'ar.

Bayan la'asar na ɗauki kaskon wuta da kakin, na same shi a zaure cikin mutanensa. Na yi sallama, na ɗaga kakin kowa ya gani, na jefa a garwashi. Muka zuba ido har ya narke.

Na ce, "Alhaji, sule takwas ɗina na wuyanka. Amma amanarka ba jingina ba ce a wurina."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na ɗauki kaskona na fita, ban sake komawa ba.

Shekara huɗu bayan haka ya rasu bai biya ni ba. Ranar rabon gado babban ɗansa ya zo rumfata, ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya biyu a kaina: a biya ni bashina, kuma kada kowa ya sa hannu a adakar nan sai ni, don a garin nan ni kaɗai ya yarda da shi.

Ya miƙo fam guda. Na ƙirga sule takwas, na mayar masa da saura, na rufe rumfa na bi shi Dala.