Notin da ya rufe teburin Jumberi

Ina ɗaure kwalekwalena a mashigar kasuwa da hantsi, igiya a hannu, sai lasifikar masallacin unguwarmu ta buɗe daga ƙetaren kogi. Ladan ya yi gyaran murya, ya ja salati irin wanda yake ja in an yi rashi. Na tsaya ina jiran suna. Ya ce Jumberi ɗan Hamsan, mai gyaran waya, za a yi masa sallah bayan azahar.

Igiyar ta suɓuce mini. Sai da wata mai ayaba ta tare gefen jirgin da filafilinta, ta kira ni kawu yadda muke faɗa a nan, ta ce, "Amang Masrani, jirginka zai tafi ya bar ka."

Zan faɗi gaskiya tun daga nan. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba addu'a ba ce. Wani ɗan baƙin noti ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Tare muka tashi da Jumberi a gidajen katakon da ke kan ruwa a Banjarmasin, katangarmu ɗaya. Ni na gaji jirgin babana, shi kuwa tun muna yara ba ya ganin abu a rufe ya bar shi. Da rediyo ya fara, ya koma agogo, da wayoyi suka cika gari ya samu ɗan teburi mai gilashi a ƙarƙashin benen kasuwa. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a wurin. Ina ce masa Likita, yana ce mini Kyaftin. In na sauke kaya nakan je mu ci shinkafa mai kurkum da kifi, mu sha shayi a kofi ɗaya don ba shi da na biyu.

A garinmu ba a kwana waya ba ta faɗa ruwa ba, kuma kowa ya tsamo tasa sai ya binne ta a ledar shinkafa ya kawo. Jumberi ya gaji da faɗa cewa shinkafa ba ta warkar da komai.

"Inna, waya kika kawo ko abincin rana?" haka yake tarbar mata. "Kin kunna ta? Kin kunna. Idonki ya faɗa mini."

Ya karɓi wayar, ya juye shinkafar a gwangwani. Kajinsa sun fi na kowa ƙiba a unguwa.

Yana da ɗabi'u biyu. Ta farko, in waya ta kawo wuta kife ta yake yi, ba ya kallon hoton kowa. Ta biyu ita ce takardarsa. Kafin ya kwance waya sai ya yagi takarda ya zana surarta, duk notin da ya cire ya ajiye shi daidai gurbinsa a kan zanen. Ya sha gaya mini dalili. Notin waya ba tsawonsu ɗaya ba, ido ne kawai yake ganinsu ɗaya. In dogo ya shiga ramin gajere, zai huda ya taɓa injin, ya yanke wasu hanyoyin wuta da suka fi gashi siranta. Saboda takardar nan ne ba ya kunna ƙaramar fankar da 'yarsa Mariatul ta saya masa bayan rasuwar mahaifiyarta. Tana nan a kusurwar teburi, ya gwammace gumi ya jiƙa masa riga.

Shekara biyu da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Yakan danne wuyan hannun a bakin teburi kafin ya kama sukundireba. Aikin awa ɗaya ya koma na yini, amma bai taɓa ɓata wayar kowa ba. A lokacin ne ni kuma na fara kallon masu koyar da gyara a wayata. Na canza batirina da kaina, na canza gilashin wayar matata, kaina ya kumbura.

"Likita, ashe sana'ar taka ba wuya," na ce masa.

"To Kyaftin, gobe ni ma zan tuƙa jirgi, na ga yadda kake jan igiya."

Ranar da abin ya faru, wayar Acil Norsehan ce a kan takarda, Acil kuwa gwaggo ke nan a bakinmu. Dillaliyar lemo ce, shekara goma sha biyu jirgina ne yake ɗauko mata kaya kowace safiya, rabin abincin gidana daga wurinta yake fitowa. Wayar ta daina shan caji. A ciki akwai saƙonnin muryar mijinta, waɗanda ya turo mata daga aikin hajji kafin ya rasu a can. Ta gaya wa Jumberi haka sau uku, ya ce ta kwantar da hankalinta, ramin cajin kawai zai canza.

Ya canza, saura rufewa, aka kira la'asar. Kullum shi yake fara zuwa masallaci, ni in tsare teburi. Zafi ya yi zafi a ƙarƙashin benen nan. Na miƙa hannu na kunna fankar, na ce minti ɗaya.

Takardar ta ɗaga ta kife. Notin suka watse a kan gilashi.

Na kashe fankar, na tattara su, na ƙirga, goma sha huɗu cif. Da na jira ya dawo na gaya masa, da ya zage ni ya auna su ɗaya ɗaya, shi ke nan. Amma kunyar ya san na taɓa fankarsa ta hana ni. Kuma ai na iya gyara, ko ba haka ba? Na shimfiɗa takardar, na jera su a kan zanen yadda idona ya ga dama.

Ya dawo yana goge fuska, ya zauna, ya bi takardarsa kamar yadda ya bi ta shekara ashirin. Na ga lokacin da ya zo kan baƙin notin. Ya murɗa, ya ɗan tsaya, ya ƙara murɗawa, don ya saba ɗora wa hannunsa laifi. Ya danna makunni. Shiru. Ya sake dannawa.

Acil Norsehan ta iso yana buɗe wayar karo na biyu. Da ta fahimci abin da ake ciki, duk benen ya ji muryarta.

"Da ƙafarta ta zo nan, Jumberi! Caji kawai! In hannunka ya mutu sai ka faɗa mana, ba ka zauna kana kashe kayan mutane ba. Ina muryar mijina?"

Masu takalma da masu hula suka taru. Jumberi ya sauke hannunsa ƙarƙashin teburi, ya ce, "Laifina ne, Acil. Ki yafe mini."

Ina tsaye a gefensa. Na buɗe baki, kuma ga abin da ya fito: "Ki yi haƙuri, Acil. Tsufa ne, kowa zai je."

Wannan maganar ce ba ta barina in ci abinci da daɗi har yau.

Kwana uku yana fama da wayar. Hannun da zai liƙa hanyoyin nan ya riga ya tafi. Da kansa ya ɗauke ta ya kai wa matasan masu gyara na babban kanti, shi da suke zuwa wurinsa tambaya. Suka ce yankan ya yi zurfi. Muryar ba ta dawo ba. Ni kuwa washegari na ɗauko wa Acil lemonta kamar kullum, tana ba matan da ke cikin jirgi labari, ni ina riƙe da kan inji ina kallon ruwa.

Mutane suka daina kawo masa aiki. Wata bai cika ba ya rufe teburin ya koma gida. Wata goma sha huɗu ya yi yana zaune a dandamalin bayan gidansa, yana kallon kogi yana watsa wa kaji tsaba. Ina kai masa kifi, ina kai masa shayi, har kofi na biyu na saya masa. Komai na kai masa sai magana ɗaya.

Ni na zuba ruwa da aka yi masa wanka, Mariatul ce ta roƙe ni, ta ce babanta ba shi da ɗan'uwa kamata. Na riƙe hannun nan na dama. Ya daina rawa.

Jiya bayan na sauke kaya na tsayar da Acil Norsehan na gaya mata komai, fankar da takardar da maganar tsufa. Ta zauna a kan kwandon lemo ta yi kuka, ta ce ko gaisuwar rashin lafiya ba ta je masa ba.

"Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba, Masrani," ta ce. "A gaban kasuwa na tozarta shi. Kasuwa za ka gaya wa."

Shi ya sa na rubuta wannan, don a karanta wa duk wanda ya zo addu'ar bakwai. Ko gobe Acil za ta shiga jirgina ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Jumberi ɗan Hamsan bai taɓa ɓata wayar kowa ba. Ni ne.

Ya kamata in gaya wa Acil tun yana iya ji, don na samu dama. Kwana tara kafin rasuwarsa na same shi da yamma a dandamali, ya rame, bargo a gwiwarsa. Na zuba mana shayi. Na yi ta juya kofina har ya gaji.

"Kyaftin, ko dai ka sha ko ka faɗa."

"Likita, ranar wayar Acil..."

"Fanka," ya ce.

Na kasa ɗaga kai.

"Gizo-gizo ya yi shekara yana saƙa a jikinta, har gaisawa muke yi. Na dawo daga sallah ba shi ba gidansa. Ban lura ba sai da na ɗaure notin."

"Don me ba ka faɗa ba? A gaban mutane fa ta..."

"In faɗa ta bar jirginka? 'Ya'yanka huɗu. Ni kaji gare ni." Ya ɗaga hannun yana kallon yadda yake kaɗawa. "Wannan dama saura masa wata shida. Amma maganar tsufan nan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ka girme ni da wata biyu, mara kunya."

Na yi dariya, hawaye na zuba cikin shayi. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ranar, shayin ne bai yafe ba, sukari ya yi kaɗan.

"Zan gaya mata, Likita. Wallahi gobe zan gaya mata."

"To, Kyaftin," ya ce. "In ka gaya mata ka biyo ta nan, ina so in ji abin da ta ce."