Baba Kuku da Selerin Hajiya

Kafin ya ɗora ko ruwan shayi, Baba Kuku sai ya buɗe firji ya duba selerinsa, wani ganyen miya na Turawa mai dogon kara. A tsaye yake ajiye shi cikin kwalba mai ruwa, gindi a ƙasa. In ya taɓa ya ji ƙarfi, ya yi hamdala. In ya ji laushi, ranar ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Kada ku ce tsohon ya cika fitina. Tun da likita ya hana Hajiya, matar da yake yi wa girki, cin gishiri, ta juya wa abinci baya. "Wannan ai ruwan wanke kwano ne," in ji ta, ta ture. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta, hankalin 'ya'yanta ya tashi. Baba ne ya gano tana son ƙamshin seleri: karan ya shiga romo tun farko, ganyen kuwa sai an sauke. Wannan romon kaɗai take iya haɗiya.

Duk gidan sun shaida ranar da aka ɗauke wuta, seleri ya yi laƙwas. Ya datse gindin, ya tsoma a ruwan sanyi, ya zauna gadinsa kamar mai jinya, yana ta "Ya Allah, ya Allah," har karan ya miƙe.

Bayan Allah, kai ne ka tsaya wa baiwar Allah nan, Baba, da ganyen da wasu ke zubarwa a shara.

Yanzu gwiwar Baba ta ƙi, zai bar aiki ya huta, amma tsoro ya hana shi sakat. In ya tafi, za ta ci? Ya tsare babban ɗanta a kicin yana koya masa. "Ɗan nan, kada ka ƙulle shi a leda, ruɓewa zai yi!"

Jiya ɗan ya yi romon da kansa. Baba ya laɓe bayan ƙofa. Hajiya ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba hannun Kuku ba ne."

Ta shanye, ta miƙa wa ɗan kwanon.

"To, me kake kallo? Ƙaro min."

Baba ya sulale ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mai majinyaci a gida, ya yi koyi da kai, kada ya gaji don an ture kwano. Je ka huta, Hajiya tana ci.