Rabi da Gam, Rabi Babu

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Alhamis al'amarin ya fara lalacewa, kuma ko na manta komai na shekarar da na shiga jami'a, wannan yana nan daram a raina. Na riƙe lokacin ne domin ina zaune a bakin zaure da littafi, na ɗaga ido na duba agogo daidai sanda Baffa, yayan mahaifina, ya leƙa cikin injin motarmu ya ce, "Ina gam?"

Motar tsohuwar Fijo ce wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. A cikinta aka kawo Inna gidan Baba. Ta daɗe a ƙarƙashin mangwaro kaji suna ƙwai a kujerar baya, amma da na sami gurbin karatu a Zariya, Baba ya rantse 'yarsa ba za ta shiga motar haya ba. Ya kira bakaniken unguwarmu aka sauke inji, aka wanke, aka sauya abin da ya ci. Ranar Litinin za a rufe rajista. Mu kuwa mutanen Birnin Gwari a lokacin ba a kama hanyar Kaduna yadda aka ga dama. Da safe ake haɗuwa a tafi ayari guda da rakiyar jami'an tsaro, kuma kowa ya san dajin nan ba wurin da ake so mota ta yi tari ba ne.

Abin da ya rage shi ne a sa gaskit, wato shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa don kada ruwa da baƙin mai su haɗu. Bakanike ya ɗauko sabo fil zai ɗora, sai Baffa ya tare shi. Baffa tsohon direban babbar mota ne, kuma a wurinsa duk abin da ba a shafa wa gam ba bai zauna ba.

"Kudu da arewa na yi a kan sitiyari," in ji shi. "Gaskit babu gam ai tuwo ne babu miya."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji bakanike, ya ajiye gaskit ya ɗauko gam.

Ana haka sai ga Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi ritaya daga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ya taɓa zuwa wani kwas a Kaduna, kuma har yau bai bar kowa ya manta ba.

"Subhanallahi! Wa zai sa gam a nan? Ai busasshe ake ɗora shi. Gam toshe hanyar ruwa yake yi."

"Gaskiya ne, Malam," in ji bakanike, ya ajiye gam ya ɗauko gaskit.

Baffa ya ce, "Malam, kai da ka yi aikin gwamnati, mota nawa kuka tayar? Duk suna can kan duwatsu a sakatariya."

"Su ma direbobi irinku ne suka kashe su, Alhaji."

Kafin magariba unguwa ta rabu biyu, 'yan gam da 'yan busasshe. Mai shayi, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya shiga ɓangaren Baffa. Telan da ke kusa da mu ya bi Kawu domin shi ke ɗinka masa kaya. Inji na buɗe, an rufa masa tsohon zanen Inna, ana ta muhawara a kansa har Asabar.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana. Amma rajistata ce a kan faifai, don haka na ɗauki waya na yi abin da na iya, na karanta. Mafi yawan bayanan sun ce gaskit na kan inji busasshe ake sa shi a kan ƙarfe mai tsabta, gam kuwa sai a wasu wuraren daban, shi ma kaɗan. Sai dai na ci karo da wani zauren intanet na tsofaffin Turawa masu son tsofaffin motoci, suna ta caccakar juna a kan wannan magana. Ashe su ma suna da nasu Baffa da Kawu.

Na kai ruwan sha zaure, na durƙusa, na ce a hankali, "Baba, to wai wanne ne daidai? Na ga an rubuta…"

"Ji 'yar boko," in ji Baffa. "Karatun waya!"

"Ke tashi ki shiga ciki," in ji Kawu.

Wannan ne kaɗai abin da suka yi ittifaƙi a kai tun da aka fara.

Tausayin Baba nake ji yanzu idan na tuna. In ya bi Kawu, ya watsa wa yayansa ƙasa a ido. In ya bi Baffa, ya kunyata suruki a gaban jama'a. Sai ya yi abin da ya saba yi idan an kawo masa rigimar iyakar gona. Ranar Lahadi ya tara su, ya yi addu'a, ya ce sulhu alheri ne. Ya sa bakanike ya shafa gam a rabin gaskit na gaba don girman Yaya, ya bar rabin baya busasshe don mutuncin Malam.

"Gaskiya ne, Alhaji," bakanike ya ce wa Baba.

Aka shafa fatiha, kowa ya yaba hikimar Baba. A duk abin da na karanta babu wanda ya ce a yi rabi, amma an riga an ce in shiga ciki.

Litinin da safe muka shiga ayari. Baffa na gaba, Kawu na baya kusa da ni, domin kowannensu yana so ya ga ƙarshen ɗan'uwansa da idonsa. Da farko Fijo ta yi ta gudu kamar amarya, Baffa yana cewa aikin gam ne, Kawu yana cewa bayan inji ne ke jan mota. Muna tsakiyar daji, inda babu gida babu gona, allurar zafi ta haye sama. Farin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta yi shassheƙa ta mutu. Baba ya zaro sandar auna mai, sai ga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Motoci suna wuce mu, babu mai son tsayawa. Na rungume takarduna, ina kallon duhuwar itatuwa. Su kuwa dattawan nan sun sunkuya a kan inji.

"Ta baya yake yoyo!"

"Ta gaba dai, Alhaji, buɗe idonka!"

Wani jami'i daga motar rakiya ta ƙarshe ya sauko a fusace. "Iyayena, nan ba majalisa ba ce. Ku ƙarasa a Kaduna in kuna da rabon ƙarasawa." Ya tsayar da wata babbar mota da ta ɗauko masara daga Kuyello, aka ɗaura wa Fijo igiya, ni kuma aka cusa ni gaban babbar motar tare da wata tsohuwa Bagwariya, wadda ta riƙe hannuna har muka fita daji. Daga Kaduna motar haya na shiga, wadda Baba ya rantse ba zan shiga ba. Na isa wurin rajista ana shirin tashi, ƙaiƙayin masara a mayafina.

Da aka buɗe injin daga baya, sai aka tarar gaskit ya ɓalle daidai kan iyaka, inda gam ya ƙare busasshe ya fara. Baffa ya ce da an ƙarasa shafawa da ba haka ba. Kawu ya ce da ba a fara ba da ba haka ba. Har yau kowa na ganin shi ya ci.

Abin da na koya shi ne, sulhu yana gyara tsakanin mutane, amma ƙarfe bai san kunya ba, kuma akwai maganar da in aka raba ta biyu kowa ya yi asara. Duk da haka tambayata ba ta sami amsa ba sai da na dawo hutun farko. Na sami Inna tana tankaɗe, na ce, "Inna, don Allah, a ƙarshe ana sa gam ɗin ko ba a sawa?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Duk karatun nan naki ba ki gane ba? Inda aka shafa, don Baffanki aka shafa. Inda aka bari, don Kawunki aka bari. Injin ne kawai ba shi da ɗan'uwa a gidan nan."