Littattafan Kawu a Aljihuna

Kawuna malami ne a Dapaong. Littattafan da ya gada daga kakanmu rubutun hannu ne, wasu Larabci wasu ajami, kuma gara ta fara cinsu tun kafin a haife ni. Shekarar da rufin ɗakin karatunsa ya yi yoyo, ruwa ya ƙarasa sauran. Allah ya sa mun riga mun ɗauki hoton kowane shafi mun zuba a wata tsohuwar kwamfuta.

Ni kuwa gyaran kwamfuta nake yi a Sokodé. Duk lokacin da ya kira ni sai ya yi ƙorafi: kafin shafi ya buɗe, mai tambaya ya gaji ya tashi. Na je na cire tsohon diskin mai ƙugi, na sa masa sabo irin wanda ba ya juyi, wanda ake kira SSD, na kwashe komai na zuba a ciki. Tsohon na taho da shi, na goge, na sa wa wani mai shago. Ban ajiye kwafi ko'ina ba.

Saurin bai kai yadda na cika baki ba, domin mahaɗar da ke tsakanin diskin da kwamfutar tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar gudunsa. Sai na aika Lomé aka sayo mini wani kati da ake sokawa a babban allon ciki, a jona diskin da shi.

Da katin ya iso na koma Dapaong, da hantsi na buɗe kwamfutar a ɗakin Kawu. Yana zaune kan buzu da baƙi biyu daga Mango, sun zo da wata matsalar gado, suna jiran a buɗe musu shafi. Na soka katin, na zare wayar diskin na mayar da ita kan katin, na kunna. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Can rubutu ya fito wai ba a ga diski ba.

Na kashe, na cire katin, na mayar da komai yadda yake. Na kunna. Rubutun nan dai. Nan take sukudireba ta suɓuce mini ta faɗa cikin kwamfutar.

"Lafiya dai?" in ji Kawu.

"Lafiya lau, Kawu. Ɗan jinkiri ne."

Sau huɗu ina kunnawa. Gumi na ɗiga daga haɓata. Daga ƙarshe na matsa kusa da shi na durƙusa, na faɗa masa ƙasa-ƙasa.

"To, ɗauko tsohon mana," ya ce.

"Na goge shi, Kawu."

Ya juya ya ba baƙin haƙuri, ya raka su ƙofa. Ya dawo. Na ce sai na kai diskin shagona na gwada da wasu kayan.

"Tafi," ya ce. "Kada ka kira ni sai ka gani da idonka."

Na naɗe diskin a hankici na sa a aljihun ƙirji, na shiga mota. Duk ramin da muka faɗa sai na dafe shi. Na tsorata kada gumi ya jiƙa shi, na mayar da shi jaka. Na tsorata kada a danne jakar, na sake fito da shi. A wani shinge jandarma ya ce in nuna abin da nake ta dafewa. Ya juya shi tsakanin yatsu biyu, a saman kwalta, yana tambayar amfaninsa. Ban iya numfashi ba sai da ya miƙo mini. Matar da ke gefena ta ba ni ruwa, ta ɗauka zazzaɓi nake yi.

La'asar sakaliya na isa Sokodé. Ban biya gida ba. Na buɗe shago, na jona diskin da kwamfutata, na rufe ido na yi bisimilla. Da na buɗe, ga sunayen littattafan a jere. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini rasuwa.

Daga baya na gano wayar ce ta tsage daga ciki lokacin da na fizge ta. Na kwafi komai wuri uku kafin na kira Kawu.

"Duka?" ya tambaya.

"Duka, Kawu."

Na ji yana gaya wa matarsa, na ji ta rangaɗa guɗa, ya tsawata mata.

Bayan kwana uku na koma da sabuwar wayar diski. Bai bar ni na taɓa ko ƙusa ɗaya ba sai da na damƙa masa kwafi ya kulle a adaka, sannan ya fita tsakar gida, ya ce ba zai kalla ba. Wannan karon katin ya yi aiki, shafi na buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Na leƙa na ce ya shigo ya gani. Ya ce in bari ya ƙarasa alwala tukuna.